Yadda Na Zaɓi Maigidana Na Farko a Tuƙin Tirela a Amurka

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, ya shafe mafi yawan rayuwarsa yana jan babbar mota tsakanin tashar jiragen ruwa ta Kwatano da Maraɗi. Yakan ɗauko lodi ya biyo ta Faraku, ya haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ya wuce Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, sannan ya iso gida jikinsa duk ƙura da warin gas. A sana'arsu, idan za a ba da yaro koyon mota, iyaye ba su damu da sabuntar motar ko kyan fentinta ba, abin da suke bincike shi ne halin direban da za a damƙa wa yaron. Karen mota yakan yi shekara uku ko huɗu yana wankin mota, yana sa weji a bayan taya, yana dafa shayi, kafin maigida ya yarda ya miƙa masa sitiyari a hanyar da babu kowa. Na tashi ina ganin wannan tsari, amma Baba bai bar ni na bi mota ba, ya tura ni makarantar boko, don haka ban taɓa zaton wata rana zan ci abinci da sana'arsa ba, balle a wata ƙasa.

Na zo Amurka a shekarar 2016 ta hanyar cacar biza, na sauka a Greensboro da ke jihar Karolina ta Arewa, saboda nan ne 'yan Nijar suke da yawa kuma akwai wanda zai karɓe ni. Na yi shekara biyar ina aiki a wani katafaren ɗakin ajiyar kaya, ina tuƙa 'yar motar ɗaga kaya ina cusa su cikin tireloli. Kullum ina ganin direbobi suna ja da baya su manna tirela a bakin ƙofar lodi kamar an auna da igiya, kuma idan muka yi hira sai in ji abin da suke samu a mako ya ninka nawa. Da iyalina suka iso, aka kuma yi mana haihuwa ta biyu, sai albashin awa ya daina kai mu ƙarshen wata, ga kuma 'yan uwa a Maraɗi da suke duban hannuna.

A watan Fabrairun 2022 na shiga ajin koyon tuƙin manyan motoci na mako takwas a wata kwalejin gwamnati. Na faɗa daidai lokacin da sabuwar dokar tarayya ta fara aiki, ranar 7 ga wannan wata, wadda ta wajabta wa duk mai neman lasisin CDL aji na A, wato lasisin tuƙin tirela, ya yi karatu a makarantar da FMCSA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar sufurin manyan motoci, ta yi wa rajista kafin ya zauna jarrabawa. Sai mutum ya fara samun takardar likita da izinin ɗan koyo, ya riƙe izinin aƙalla kwana 14, sannan ya fuskanci jarrabawa mai kashi uku, wato duba lafiyar mota kafin tafiya, da ja da baya a fili, da tuƙi a kan titi. Na nace a koya mini da mota mai giyar hannu, domin wanda ya ci jarrabawa da mai canza giya da kanta akan buga masa alama a lasisi cewa iyakarsa ke nan. Kuɗin makarantar kuwa da adashin da muke yi na biya, kuma daga baya na gane cewa wannan adashi ya saya mini 'yancin da wasu abokan karatuna ba su samu ba.

Tun mako na uku wakilan kamfanoni suka fara zuwa ajinmu. Sukan zo da huluna da biro da abincin rana, su kunna majigi su nuna sababbin motoci masu gado da firji a ciki, su ambaci kuɗin da mutum zai samu a shekara har ka ji kanka ya yi nauyi. Ban daɗe ba na gane cewa 'yan kamasho ne irin na tasha, sai dai su sun sa taye, domin ladansu yana kan yawan mutanen da suka cika wa kamfani. Wani malaminmu, tsohon direba mai furfura, ya jira har ɗaya daga cikinsu ya fita, sannan ya ce mana mu tambayi kanmu dalilin da ya sa kamfanin da ke da daɗin aiki haka yake neman sababbin direbobi kowane mako. Ya ce ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin sufurin ƙasar da kanta ta sha nuna cewa a manyan kamfanonin dogon zango, yawan direbobin da ake sauyawa a shekara yakan kai kusan kashi 90 cikin ɗari. Wannan magana ta zauna mini, na koma gida na sayi littafin rubutu na musamman don tambayoyi.

Abin da sabon direba bai cika sani ba shi ne zaɓinsa ƙanƙane ne. Yawancin kamfanonin da ke biya da kyau, waɗanda direba ke kwana gida kullum, suna neman wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu a hanya, saboda kamfanonin inshora ba su yarda da ɗan koyo ko kuma su tsawwala kuɗi. Waɗanda ke buɗe ƙofa ga sabo su ne manya, kuma da yawa daga cikinsu suna da makarantunsu. Sukan koyar da mutum ba tare da ya ba da ko sisi a farko ba, amma ya sa hannu cewa zai yi musu aiki kimanin shekara guda, idan ya fita kafin lokacin kuma bashin dubban daloli ya hau kansa. Ban ce tsarin haramun ne ba, domin wanda ba shi da kuɗin makaranta wata ƙofa ce gare shi. Amma wanda bashi ya ɗaure ba ya iya cewa a'a, ko an ba shi mai koyarwa mara imani, ko an bar shi kwana biyu a tasha babu lodi.

Jarrabawar da ta fi ba ni wuya ba daga waɗannan ta zo ba, daga cikin gida ta ɓullo. Akwai wani ɗan ƙasarmu mai motoci shida ko bakwai, mutum mai kyauta wanda ba a taron suna ko ta'aziyya babu shi. Da ya ji ina makaranta, sai ya tare ni bayan sallar Juma'a ya ce: "Ƙanena, me zai kai ka wurin Turawa su riƙa ba ka santi arba'in da wani abu a mil? Ka zo gida, ranar da ka karɓi lasisi ranar zan ba ka makulli." Kuɗin da ya ambata ya fi na kowane kamfani da ya zo ajinmu, kuma ya ce kwana uku kacal zan yi tare da wani direbansa, daga nan mota tawa ce. Na yi godiya, na ce zan yi shawara, amma a raina na riga na fara lissafin kuɗin da zan tura gida kafin Sallah.

Wanda na kai wa shawarar wani dattijo ne ɗan Damagaram da muke kira Kawu, wanda ya haura shekara ashirin yana tuƙi a ƙasar. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko da wace takarda za a biya ni. Ban fahimta ba, sai ya warware mini cewa akwai W-2, inda kamfani ke ɗaukar mutum ma'aikaci, ya cire masa haraji, ya biya rabin kuɗin fanshon gwamnati, ya kuma ɗauki nauyinsa idan ya ji rauni a bakin aiki. Akwai kuma 1099, inda ake lissafa mutum a matsayin ɗan kwangila, a ba shi kuɗinsa cif, amma haraji duka a wuyansa yake, kuma idan ya faɗo daga tirela ya karye, zai iya tarar babu mai biyan asibiti. Ya ce idan na cire waɗannan, ratar da ta ruɗe ni za ta zama 'yar kaɗan. Daga nan ya ɗauki wayarsa ya buɗe shafin SAFER na hukumar FMCSA, inda kowa ke iya sa lambar USDOT da ke rubuce a ƙofar kowace babbar mota, ya ga sau nawa aka binciki motocin kamfani a cikin wata 24, sau nawa aka hana su ci gaba da tafiya, da haɗurran da suka yi. Abin da muka gani game da motocin ɗan uwan namu ya fi matsakaicin ƙasa muni nesa ba kusa ba.

Kawu ya ajiye wayar ya ce: "Ɗana, mahaifinka shekara nawa ya yi yana karen mota? Kai kuma kwana uku za ka yi, a ba ka tan 36 ka gangara dutse da su?" Ya ƙara da cewa duk laifin da jami'in bincike ya rubuta a kan mota mai sulɓaɓɓiyar taya ko mataccen birki, da sunan direba yake tafiya, ya zauna a tarihinsa shekara uku, haɗari kuma shekara biyar, kuma duk kamfanin da zan nema nan gaba zai iya gani. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na je na shaida wa mutumin cewa ba zan zo ba. Na ce masa ina so in fara gogewa tukuna don kada in lalata masa dukiya, wanda rabin gaskiya ne. Ya ce babu komai, amma ya yi wata shida gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki ba, kuma na ji an ce wai na zama Bature.

Saura kamfanoni biyu a littafina. Na farko babba ne ƙwarai, mai tireloli masu firji, ga kuɗin maraba da suka yi alkawari mai tsoka. Da na matsa da tambaya a waya, sai ta bayyana cewa kuɗin marabar gutsi-gutsi ake biya cikin shekara, kuma wanda ya tafi ya yafe saura. Na tambaya ko mai koyarwa zai zauna kusa da ni ina tuƙi, matar ta yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe ta ce bayan mako na farko motar za ta riƙa tafiya dare da rana, ina tuƙi yana barci, yana tuƙi ina barci. Wato dai mutumin da aka ce ya koya mini zai kasance a bayan labule yana minshari a lokacin da na fi bukatarsa, kuma mil ɗin da na tuƙa yana shiga lissafin aljihunsa. Akwai kuma matsalar kayan da za a ɗauka. Karolina ta Arewa tana sahun gaba a kiwon alade a Amurka, kuma mai jan firji a wannan yanki da wuya ya yi wata bai ɗauki namansa ba. Na san cewa a 2015 wata kotu a jihar Illinois ta ba wasu direbobi Musulmi biyu 'yan asalin Somaliya diyyar dala 240,000 saboda an kore su don sun ƙi ɗaukar giya, amma ni ba shari'a na zo yi ba, kuma na ga rashin hikima ne in shiga inda na san kullum sai na roƙi alfarma.

Na biyun matsakaici ne, mai rufaffun tireloli masu ƙafa 53, yana ɗaukar takarda da kayan gini da kayan masarufi a jihohin kudu maso gabas da tsakiyar ƙasar. Kuɗinsu a mil ya gaza na kowa a littafina, babu kuɗin maraba, motocinsu kuma ba sababbi ba ne. Sai dai sun amsa duk tambayoyina a rubuce ta imel, kamar yadda Kawu ya ce in nema, domin maganar waya iska ce. Sun rubuta cewa mai koyarwa zai zauna a kujerar gefe har mako huɗu, cewa zan dawo gida duk ƙarshen mako biyu, cewa za a biya ni zaman jira idan ya wuce awa biyu a wurin lodi, kuma idan lodin giya ya faɗo kaina zan iya neman a musanya mini ba tare da an rubuta mini laifi ba. Ban tsaya nan ba, na je wata tashar manyan motoci a kan babbar hanyar I-40 na jira har na ga motarsu, na sayi kofi na ba direban, na tambaye shi mil nawa ya yi a makon jiya, ba mil nawa aka yi masa alkawari ba. Ya buɗe wayarsa ya nuna mini takardar albashinsa, ya kuma zagi mai raba musu lodi son ransa, amma ya ce shekararsa shida a wurin. Na yi istihara dare biyu, na yi shawara da mai ɗakina, wadda ita tambayarta ɗaya ce, wato yaushe zan riƙa dawowa, sannan na sa hannu.

Na karɓi lasisi a cikin watan azumi, na shiga motar mai koyarwa a goman ƙarshe. Wani Bature ne ɗan jihar Tenesi, mai shekara sittin da 'yan kai, mara yawan magana. A ranar farko na gaya masa cewa ba na ci ba na sha har faɗuwar rana, kuma ina salla sau biyar. Ya yi shiru, sannan ya ce shi abin da ya dame shi kada in yi gyangyaɗi, don haka zai ba ni tuƙin safe, daga asuba zuwa azahar, shi ya karɓi na yamma, kuma duk ranar da ya ga idona ya canza zai ƙwace makulli ko ina so ko ba na so. Sau ɗaya ya ƙwace, kuma yana da gaskiya. Shi ya koya mini lissafin agogo, wanda a makaranta haddarsa kawai muka yi: awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, hutun minti 30 bayan awa 8 a kan sitiyari, awa 10 na hutu kafin a sake tashi, da awa 70 a cikin kwana 8. Na'urar da ke cikin motar tana rubuta komai, ba ta karɓar haƙuri, kuma wanda bai iya tsara tafiyarsa ba zai ga agogonsa ya ƙare alhali babu wurin ajiye mota a kusa, domin tashoshi sukan cika tun kafin magariba. A cikin wannan lissafi na koyi cusa sallolina, ina haɗa azahar da la'asar a matsayina na matafiyi, ina shimfiɗa darduma a gefen tirela.

Ranar da na san kuɗin da na bari bai tafi a banza ba ita ce ranar da muka gangaro dutsen Old Fort a kan I-40, gabas da Asheville, da lodin takarda mai nauyi. Gangara ce ta kimanin mil shida mai kwane-kwane, da hanyoyin yashi a gefe don motar da birkinta ya ƙone. Tun daga sama ya sa na tsaya, ya sa na zaɓi ƙaramar giya, na kunna birkin inji, ya ce in taka birki da ƙarfi in rage gudu sannan in saki, kada in ɗora ƙafa a kai in bar ta. A tsakiyar gangarar tsoro ya kama ni, ƙafata ta lafe a kan birki, sai kawai ya ce da murya ƙasa-ƙasa: "Saki. Bar injin ya yi aikinsa." Na saki. Da muka isa ƙasa tafin hannuna sharkaf da gumi, na tuna cewa a kamfanin firji da a wannan lokaci yana barci, a wurin ɗan uwanmu kuwa da ni kaɗai ne a motar. Sallar Idi ta same ni a wata tasha a jihar Kentaki, na yi kuka a ɓoye bayan na ga yarana cikin sababbin kaya ta waya, shi kuma ya shiga kanti ya sayo mini kek ya ajiye a kan kujerata bai ce komai ba.

Kada a ɗauka kamfanin aljanna ne. Mil ɗin da suke biya na taswira ne, daga gari zuwa gari, wanda kullum yakan gaza abin da taya ta taka. Makon da aka ce zan yi mil 2,500 sau da yawa bai kai 2,000 ba, kuma dawowa gida duk mako biyu wani lokaci yakan zama isowa daren Asabar da fita asubahin Litinin. A wata na uku da fara tafiya ni kaɗai, na goge tirelar wani ina ja da baya a wani matsattsen wurin sauke kaya, saboda na ji nauyin direbobin da ke jira na ƙi sauka in duba, abin da mai koyarwata ya yi ta nanata mini. An rubuta cewa laifina ne, aka mayar da ni fili kwana biyu ina ja da baya tsakanin robobi, amma ba a kore ni ba.

Wani abokin karatuna ɗan Gana, Bahaushen zango, ya bi kamfanin firji, kuma bayan wata shida suka lallashe shi ya karɓi mota haya da sunan idan ya gama biya za ta zama tasa. A 2022 ne galan ɗin gas ya haura dala biyar da rabi, kuɗin lodi kuma ya fara faɗuwa, har babban kamfani irin Yellow ya durƙushe a 2023. Kuɗin haya da na mai da na inshora ana cire su kafin ya ga komai, kuma kamfanin da yake bin sa bashin shi ne dai mai ba shi lodi. Ya nuna mini takardar wani mako da ya yi kwana bakwai a hanya ya tashi ana bin sa kuɗi. Ya mayar da makulli, ya koma tuƙin tasi na wani lokaci, yanzu dai ya dawo hanya a wani wurin.

Na yi wata goma sha huɗu a kamfanina na farko, sannan na samu aikin kai kaya shaguna a cikin jiha, ina kwana gida kullum. Ranar da zan tafi na ba su sanarwar mako biyu, na wanke motar, na kai ta har harabarsu na ɗauki hotonta ta kowane gefe, domin Kawu ya gargaɗe ni cewa wanda ya yar da mota a hanya akan rubuta masa a rahoton da kamfanoni ke dubawa kafin su ɗauki direba. Ɗan uwan nan namu mun shirya, har ya sake yi mini tayi, na sake ba shi haƙuri. A bara wani yaro ɗan Tasawa da ke shirin gama makaranta ya zo gidana da takardun kamfanoni huɗu, ya baje su a kan tabarma yana nuna mini wanda ya fi biya. Na ɗauko masa tsohon littafina na tambayoyi, na ce ya kira su ɗaya bayan ɗaya a gabana, ya fara da tambayar inda mai koyarwa zai zauna.